Daga igwar Tanimun zuwa AK-47: wa ya kamata ya riƙe bindiga?

A watan Agusta na 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci mutanen jiharsa da su nemi makami su kare kansu daga 'yan bindiga. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta zarce haka, ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi takardar izinin mallakar bindiga. Ba a jima ba babban hafsan tsaron Najeriya, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Maganar ta ƙetaro iyaka tun lokacin, kuma har yau tana tashi a majalisun hira da ofisoshin malamai daga Maraɗi zuwa Mirriya. Wasu na cewa tun da hukuma ba ta iya tsaron kowane ƙauye, a bar magidanci ya ajiye bindiga. Wasu na cewa wuta ce za a shigo da ita cikin ɗakin kara.

Mu mutanen Damagaram muna da abin faɗa a wannan muhawara, domin a ƙarni na 19 birninmu ya yi suna da bindiga da igwa fiye da sauran biranen da ke tsakanin Sakkwato da Kukawa. Ya kamata malamai da iyaye su san yadda makamin ya shigo, wanda ya riƙe shi, abin da ya gina da abin da ya rusa, kafin su amsa tambayar da yara ke yi musu.

Yadda bindiga ta shigo

Sarautar Damagaram ta faro a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Borno, kuma a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da fadarsa Zinder. Mirriya ta girmi wannan fada. Tana cikin garuruwan Sosebaki tare da Wacha da Dungas, masu tasu sarautar tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi, kuma daga baya duk suka koma ƙarƙashinta. Saboda haka mutumin Mirriya yana karanta wannan tarihi ta fuska biyu: kakanninsa sun ci ribar ƙarfin Damagaram, kuma suna cikin waɗanda ƙarfin ya fara lanƙwasawa.

Abin da ya ɗaga Zinder shi ne hanyar fatauci. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamas da Gat da Azbin, su sauke a Zango, unguwar fatake da ke wajen ganuwa, kafin wasu su wuce Kano. Suna kawo yadi da takarda da takubba da tagulla, suna kawo bindiga da farar wuta. Suna komawa da jemammiyar fata da gashin jimina da bayi. Matafiyan Turawa irin su James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, da Heinrich Barth, wanda ya iso a ƙarshen 1852, sun tarar da birni mai kasuwa da sarki mai tsananin hukunci.

Wanda ya mayar da wannan ciniki ƙarfin soja shi ne Sarki Tanimun ɗan Sulaiman. Ya taɓa hawa na ɗan lokaci a farkon shekarun 1840, ya dawo a shekarun 1850, ya yi mulki har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da doguwar ganuwa, wadda har yanzu ana ganin guntayenta. Bai tsaya ga sayen bindiga daga fatake ba. Ya sa ana haɗa albarushi a gida da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, ya kuma sa maƙera suna narka tagulla suna zuba igwa. Masu tarihi sun ba da adadin da ya kai bindiga 6,000 da igwa 40 a hannun rundunarsa. Mai son zurfafawa ya nemi littafin André Salifou, ɗan Zinder, a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971.

Yana da kyau a fahimci irin bindigar da ake magana. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a cusa harsashi, a danna da sanda, sannan ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Kafin mutum ya sake ɗuri, maharbi da baka ya saki kibau da yawa. In damina ta jiƙa albarushi, bindigar ta zama sanda. Igwar ma ƙararta da hayaƙinta sun fi ɓarnarta, amma ƙarar kaɗai tana firgita doki ta kuma karya zuciyar mutanen da ke bayan ganuwa. Da wannan Tanimun ya ci Muniyo, ya kai hari Gumel, ya sa Damagaram ta fara ɗaga kai gaban Kukawa.

A hannun wa take

A nan ne darasin farko yake. Bindigogin Tanimun ba a rarraba su gida-gida ba. Kayan sarki ne, kuma mafi yawan masu riƙe su bayin sarki ne, ƙarƙashin shugabanni waɗanda su ma bayi ne. Dalilin a fili yake. Ɗan sarki ko hakimi in ya tara 'yan bindiga zai iya neman gadon sarauta, amma bawa ba shi da wannan hanya, rayuwarsa na rataye da ta ubangidansa. Albarushi ma ta hannun fada yake bi. Haka sarakunan Kano suka yi da nasu 'yan bindigar a ƙarshen ƙarnin. Wato ƙayyade makami tsohon abu ne a ƙasar nan, tun kafin Bature ya zo da takarda da hatimi.

Talaka yana da nasa makamin: baka da kibiya, mashi, takobi, gora, wuƙar damtse. Su ma ba a sake suke ba. Mafarauta suna da sarkin baka, kuma yaro ba ya rataya kwari sai ya bi babba daji shekaru, ya koyi inda ake harbi da inda ba a yi, ya san haɗin dafi da makarinsa. Wanda ya karya ƙa'ida yana da wanda zai kira shi ya tuhume shi. Makami a wancan zamani yana tafe da sarauta a kansa, komai ƙanƙantarta.

Sai dai kada alfahari ya rufe mana ido. Da me aka sayi bindigogin nan? Kaso mai yawa da mutane aka saye su. A kai hari ƙauye, a kamo bayi, a sayar wa fatake, a karɓi bindiga da doki, a sake kai wani harin. Ƙauyukan kan iyaka tsakanin Damagaram da Kano da Daura da Haɗeja sun kwana cikin wannan fargaba shekaru da yawa. Ganuwar da ta ba ɗan Birni barci ita ce ta hana wani manomi nasa. Duk mai cewa a tara makami a hannun hukuma kaɗai, to ya amsa tambayar da wannan manomi zai yi: in hukumar ce ta juyo da bakin bindigar kaina fa, wa zan kai wa ƙara?

Tirmini

A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar Burusel. A rubuce manufarta ita ce kashe cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, daga tsakiyar hamada har kusa da kudancin nahiyar, aka bar musu tsofaffin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ƙasar Damagaram tana cikin yankin da dokar ta shafa. A daidai wannan lokaci sojojin Turawa suna riƙe da bindigogin da ake ɗura wa harsashi ta baya, masu kai wa nesa, masu saurin harbi. Dokar ta rage wa masu farautar bayi makami, ta kuma tabbatar da cewa ranar da Bature zai zo, ba zai tarar da sa'arsa ba.

Amadu Kuren Daga, ɗan Tanimun, ya hau a 1893, shekarar da Rabe ya ci Borno da nasa 'yan bindigar. Sarki ne mayaƙi, ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa. A ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a Zinder, saboda ana zargin yana kan hanyar ƙulla ƙawance da Rabe. Shekara ta zagayo sai ga rundunar Voulet da Chanoine daga yamma, tana ƙone garuruwa. Ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu na 1899, ta yi kisan ƙare dangi a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da labarin ta'asar ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Tasawa. Cikin kwanaki uku sojojinsu na Afirka suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

Ragowar rundunar, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, ta ci gaba. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka haɗu a Tirmini, yamma da Zinder. Dawakin Damagaram da 'yan bindigarta sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma harsashin abokan gaba yana isa gare su kafin nasu ya kai rabin hanya. A yini guda aikin shekara arba'in ya rushe. Kuren Daga ya fice daga birni, aka bi shi aka kashe a watan Satumba. A 1906 Faransawa suka tuɓe magajinsa Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923.

Masu goyon bayan kowa ya mallaki bindiga suna iya kafa hujja da Burusel, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: an taɓa amfani da dokar makami aka ɗaure hannunmu. Amma Tirmini tana da wata fuskar. Bindiga 6,000 ba ta ceci Damagaram ba, domin koyaushe akwai wanda tasa ta fi taka. Labarin Voulet kuma yana nuna abin da makami ke zama in mai riƙe da shi ya daina amsa wa kowa. Sojoji ne na ƙasa mai doka, da kaki da albashi, amma da suka yi nisa da mai tambayarsu sai suka zama 'yan fashi, har suka kashe wanda aka aiko ya tambaye su.

Daga takardar kwamanda zuwa wutar Agadas

A zamanin mulkin mallaka bindiga ta koma abin izini. Kwamanda ke ba da takarda, kuma an bambanta bindigar gargajiya ta farauta da ta zamani, wadda sai sarakuna da tsofaffin sojoji da ma'aikata kaɗan ke samu. Tawayen Kawsan na 1916 zuwa 1917 ya ƙara wa Faransawa tsoro, domin ya kewaye barikin Agadas da bindigogin zamani da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa a Libiya, sai da aka tura ɗauki daga Zinder. Hanyar da ta kawo wa Tanimun bindiga ita ce ta kawo wa Kawsan.

Bayan 'yancin kai a 1960 Nijar ta riƙe tsarin izini. Har yau farar hula ba ya ajiye bindiga bisa doka sai da takardar hukuma, kuma makamin yaƙi haramun ne gare shi. Da tawaye ya ɓarke a arewa a farkon shekarun 1990, makamai suka bazu, aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994. An sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara da sunan haɗin kan ƙasa. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi fiye da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Ƙasashen yammacin Afirka ma sun amince a Abuja a 1998 su dakatar da shigo da ƙananan makamai, suka mayar da hakan yarjejeniya a 2006.

Sai 2011 ta zo, gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe. Tsohuwar hanyar Tarabulus ta sake aiki, wannan karon da motoci. AK-47 tana ɗauke da harsashi 30 a ɗuri guda, ba ta tsoron ƙura ko ruwa, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyar yana koyon sarrafa ta cikin yini. Ba ta buƙatar sarkin baka, ba ta buƙatar maƙerin fada. Duk shingen da kakanninmu suka kafa tsakanin matashi da kisa, wannan bindiga ta tsallake shi.

Abin da muka gani da idonmu

Hujjar masu neman makami ba ta wasa ba ce. Ranar 2 ga Janairu 2021 an kashe mutum fiye da ɗari a Tchombangou da Zaroumdareye a jihar Tilaberi. Ranar 21 ga Maris na shekarar aka kashe 137 a yankin Tillia a jihar Tawa. A Madarunfa da Gidan Rumji ana sace mutane da shanu, ana neman fansa. Wanda ya binne ɗansa saboda jandarma sun iso bayan gari ya waye, ba a yi masa wa'azi da sauƙi. Kare rai da iyali da dukiya hakki ne da addini da hankali suka yarda da shi.

Amma a duba inda aka gwada. A Zamfara 'yan sa-kai sun fara ne da korar ɓarayin shanu. Ba a daɗe ba wasunsu suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji suka sayi makamin da ya fi na 'yan sa-kai, aka shiga ramuwar da har yau ba ta ƙare ba. A Banibangu, ranar 2 ga Nuwamba 2021, magajin garin ya jagoranci 'yan sintiri suka fita neman maharan da suka addabe su, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. Jarumtarsu ba ta da shakka. Abin da ya faru da su shi ne abin da ya faru a Tirmini.

Akwai kuma kisan da bai jira bindiga ba. A Toda, kusa da Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. A Zinder, matasan da ake kira 'yan palais, waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021, da wuƙa da adda suka yi ta faɗa. Kowa ya tambayi kansa yadda waɗannan rigingimu za su kasance da a ce akwai AK-47 a kowane gida. Bayan Toda ƙasa ta samar da dokar karkara ta 1993, kuma Mirriya na cikin wuraren farko da aka kafa kwamitin filaye domin shata burtali da rubuta gonaki da sasanta rikici. Aikin nan ba shi da ƙara irin ta igwa, amma kowace rigimar da aka kashe a ƙarƙashin bishiya, wani gida ne da bai ga dalilin sayen bindiga ba.

Ƙasashen waje ma suna da abin nunawa. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a Amurka suna riƙe da bindiga kusan miliyan 393, wato 120 ga kowane mutum 100, alhali a Nijar ba ta kai ɗaya ga mutum 100 ba. Tsarin mulkin Amurka ya ba su wannan hakki tun 1791. A can aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a 2012, aka kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde a 2022. Birtaniya kuwa, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, ta hana mallakar ƙaramar bindiga a 1997. Halinsu daban da namu, su ba mahara ne ke shigar musu ƙauye a kan babura ba, amma malami ba zai karanta waɗannan alƙaluma ya wuce ba.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin Damagaram bai ce bindiga ba ta da amfani ba, bai kuma ce hukuma ba ta zalunci da ita ba. Abin da ya nuna sau da yawa shi ne cewa makami yana zama lafiya gwargwadon yadda mai riƙe da shi yake da wanda zai tuhume shi. Saboda haka in an zo da shawarar kafa 'yan sintiri a gari, iyaye su tambaya kafin su ba da 'ya'yansu: wa ya rubuta sunayensu, wa ya horar da su, akwai makiyayi a cikinsu ko manoma ne zalla, in sun kama mutum ina za su kai shi, in sun yi kisan zalunci wace kotu za ta ji, kuma ranar da rikici ya lafa wa zai karɓi makaman? In babu amsa, to ana reno ne na abin da zai ci mai shi. Haka kuma hakkinmu ne mu matsa wa hukuma ta iso ƙauye kafin mahara, ta kuma hukunta nata in sun yi laifi, domin da haka ne kawai za ta iya ce wa magidanci ya ajiye makami ya saurare ta.

Wanda yake da bindigar farauta da takardarta, nauyi ne a wuyansa. Kada ya ajiye ta da ɗuri. Albarushi ko harsashi ya kasance a wani wuri dabam, a kulle, inda yaro ba ya kai wa. Kada ya ba da aronta, kada ya ɗauke ta yana cikin fushi, kada ya shiga da ita taron biki yana harbi sama, domin abin da ya hau sai ya sauko. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun hana nuna wa ɗan'uwa makami, sun kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. In an faɗi haka a kan kibiya, ina ga abin da ke zubar da harsashi 30?

Mu malamai kuma, in mun zo darasin Tanimun, mu kai yara su ga ragowar ganuwa, mu gaya musu maƙeran ƙasar nan sun zuba igwa da hannunsu, su yi alfahari da hakan. Sannan mu gaya musu da abin da aka biya kuɗin tagullar, da abin da ya faru a Tirmini, mu bar su su yi muhawara a aji, ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya. Yaron da ya saba kare ra'ayinsa da baki, ya kuma saba jin na wani har ƙarshe, zai yi wuyar ruɗuwa ranar da wani ya miƙa masa bindiga da kuɗin babur.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya shirya mana zuriya.